Agogon Da Ba Ya Cin Batir: A Gwada Kafin A Biya

Maganar agogo zan yi yau, kuma na san ba kowa zai ji daɗinta ba. Masu teburin agogo a kasuwa za su ce na shiga gonarsu. To, su yi haƙuri. Su ne suka fara shiga gonar manomi.

Kowa ya san yadda kuɗi suke zuwa a nan bakin Komadugu. Daga Gagamari har Diffa, mutum yakan yi wata da watanni yana bautar tattasai. Ya zuba iri, ya dasa, ya sayi taki, ya sayi man inji, ya yi ban-ruwa, ya tsinka, ya shanya. Ba mu manta ba, a 2015 an hana cinikin tattasai saboda rikicin Boko Haram, sai a 2017 aka ɗage dokar. Wanda ya ga waɗannan shekaru ya san darajar buhu ɗaya. In buhu ya fita, kuɗi suka shigo aljihu, sai a biya bashi, a sayi gero, a yi wa iyali tufafi. Abin da ya yi saura, maigida ya ce bari shi ma ya sai wa hannunsa agogo. Ba laifi ba ne, guminsa ne.

To, nan mai tebur yake jiransa. Zai ɗauko wani mai ruwan zinari, ya goge shi da bakin riga, ya ce: "Alhaji, wannan otomatik ne. Ba ya cin batir, ba ya mutuwa, har jikanka zai ɗaura." Ko Maine ba ka taɓa wucewa ba, yau ka zama Alhaji. A cikin maganar nan akwai gaskiya akwai ƙarya, an cuɗa su kamar gero da tsakuwa. Sai mun rairaye.

Gaskiyar ita ce, akwai agogon da ba ya cin batir, wato abin da wasunmu ke kira pil. Ba tsafi ba ne. A cikinsa akwai wani siririn ƙarfe a naɗe kamar gammo. In ya naɗu, sai ya riƙa warwarewa sannu sannu, yana tura ƙananan ƙafafu masu haƙora, su kuma suna tura hannuwan agogo. Irin na kakanninmu, kullum da safe sai an murza ɗan maɓallin gefe kafin ƙarfen ya naɗu. Shi kuwa otomatik an sa masa wani ƙarfe mai nauyi a baya, mai kamar rabin faifai. Duk lokacin da ka motsa hannu sai rabin faifan ya juya, juyawarsa ce ke naɗe gammon. Kana tafiya yana ci, kana shure-shuren jaki yana ci, kana auna hatsi yana ci. Abincinsa motsinka. Shi ya sa nake cewa agogon ma'aikaci ne. Mai kwana a gindin bishiya, nasa ma kwanciya zai yi.

Abin ya daɗe. A 1923 wani mai gyaran agogo ɗan Ingila, John Harwood, ya ƙago na ɗaurawa a hannu. A 1931 kamfanin Rolex ya fito da rabin faifan da ke kewayawa gaba ɗaya. A 1963 kamfanin Seiko na Japan ya fito da wanda muka fi sani, mai lamba 5 a fuska, wanda alhazai suka daɗe suna zuwa da shi tsaraba daga Makka. Mai batir ƙane ne, irinsa na QUARTZ da muke gani yau sai a ƙarshen 1969 ya shigo kasuwa, kuma Seiko ɗin ne ya fara sayar da shi.

Ni dai ina bayan otomatik ga mutumin karkara, in na gaske ne. Ga dalilina. Batirin agogo ɗan mitsitsi ne, kuma iri-iri ne, kowane da lambarsa. In ya mutu a ƙauye sai ranar kasuwa. Ka je kasuwa, a sa maka wanda ya shekara a rana bisa tebur, bayan wata biyu ya sake mutuwa. Kowane canji kuma sai an ɓalle bayan agogon da bakin wuƙa. Akwai wata siririyar roba da ke tare ruwa da ƙura a wurin. In aka ɓalle sau biyu sau uku ta lalace, ƙurar hunturu ta samu ƙofa. Ga shi kuma mataccen batir a ƙasa ake yar da shi, inda yara suke rarrafe. Ku ji wannan da kyau, iyaye: in yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin awa 2. A ruga da yaron likita nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Samari za su ce: "Malam, wa yake ta agogo yau? Ai waya tana nuna lokaci." Tana nunawa, in da caji. Wayar da ake biyan kuɗi a cika ta, ta kwana a shagon mai caji kai kana gona? Wayar da kake tsoron fitarwa in hannunka duk laka ne a bakin kwalbati? Lokaci kuwa ba ya jiran caji. In ku uku ne kuke tarayya a injin ban-ruwa ɗaya, kowa da awoyinsa, agogo ne alƙalinku, shi ke hana zumunci ɓaci. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da aka fi ba mu a likita, kashi na biyu bayan awa 8 ake sha, ba "in rana ta karkata" ba. Da aka sa dokar ta-ɓaci a jihar Diffa a watan Fabrairu 2015, aka hana hawan babur, aka sa lokacin da kowa zai shige gida, mutane da yawa sun ga ranar sanin ƙarfe nawa. Mai tafiya a ƙasa daga gona dole ya san lokacin da zai ajiye fartanya.

Wani kuma zai ce mai batir ya fi faɗin daidai. Gaskiya ne, ba zan musa ba. Mai batir na kirki kuskurensa bai cika wuce daƙiƙa 15 ko 20 a wata ba. Otomatik mai sauƙin kuɗi yana iya yin gaba ko baya da daƙiƙa 20 ko 30 a yini guda. A mako ya zama minti biyu ko uku. To, sai me? Kowace Juma'a ka daidaita shi da labarun rediyo, shi ke nan. Ko Muryar Sahel ka kama ko wata tashar Najeriya duk ɗaya ne, lokacinmu da nasu bai bambanta ba. Minti biyu ba su taɓa kashe tattasai ba. Agogon da ya tsaya cik ranar Laraba, kasuwa kuwa sai mako mai zuwa, shi ne matsala. Amma in kuɗinka kaɗan ne, gara ka sayi mai batir da ya faɗi sunansa. Ƙaramin Casio baƙin nan na roba, wanda ya fito a 1989, na gaskensa batirinsa yakan kai shekara 7. Ba da shi nake faɗa ba. Faɗana da agogon da ya sa rigar wani ne.

Ga inda ƙaryar take. Da yawan abin da ake shimfiɗawa a tebur ana kira otomatik, batir ne a cikinsa. An yi masa jiki mai nauyi, an shafa ruwan zinari, an rubuta babban suna, Rolex ko Rado ko Seiko. Kyan ɗan maciji ke nan. Wata uku ruwan zinarin ya koɗe, ya bar maka kore a wuyan hannu. Wata shida ya tsaya. Ka girgiza har kafaɗarka ta gaji, ko motsi. Ka koma kasuwa, mai tebur ya ce bai taɓa ganinka ba, ko ka tarar ya ɗaure kayansa ya yi gaba. Ba ƙananan kuɗi ya ci ba, don kuɗin otomatik ka biya. Wannan ba ciniki ba ne, zamba ce, ko da an yi ta da murmushi da rantsuwa. Mai tebur da kansa wani lokaci bai san abin da ya saro ba. To, wanda bai san kaya ba, me ya kai shi rantsuwa a kansu?

Mu ma masu saye da namu. Muna son ƙyalli. Mutum zai duba haƙoran akuya, ya taɓa bayanta, ya sa ta yi tafiya kafin ya taya. Amma a gaban agogo sai ya ji kunyar tambaya, kada a ce baƙauye ne. Ya ƙirga kuɗi ya miƙa, cinikin biri a sama. Ɗan'uwa, me ya sa ka yi watanni kana zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan ka gaji da aikin gona? Ba don irin wannan rana ba?

Fara da karatu. Kawo fuskar agogon kusa da ido. In ka ga an rubuta QUARTZ, batir ne, magana ta ƙare, ko me mai tebur ya ce. Wanda kake nema ana rubuta masa AUTOMATIC. Karanta sunan kamfani baƙi bayan baƙi, kamar yadda muke yi a allo: S, E, I, K, O. Masu jabu sukan canja baƙi ɗaya ko su ƙara wani, don sun san yawancinmu siffar kalma muke kallo, ba ma karantawa. In ka ga 21 JEWELS kada a ruɗe ka da cewa lu'ulu'u 21 ne a ciki. Ƴan duwatsu ne ƙirar masana'anta, an sa su don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Ba su da kuɗin a zo a gani.

Amma rubutu ma ana satarsa, saboda haka kada ka tsaya nan. Dubi siririn hannun nan mai ƙirga daƙiƙa. Na mai batir tsalle yake yi, ɗaya, ya tsaya, ɗaya, ya tsaya. Na otomatik tafiya yake yi da ƙananan taku, Seiko mai lamba 5 taku shida yake yi a daƙiƙa guda, sai ka ga kamar sulalewa yake. Kanga shi a kunne. Mai batir bugu ɗaya ɗaya yake yi, otomatik kuwa sauri-sauri kamar zuciyar tsuntsu. Ka ɗan kaɗa shi, za ka ji rabin faifan yana juyawa a ciki.

Ga wata dabara da ta fi waɗannan. Otomatik in aka ajiye shi ba a ɗaura ba, bayan kamar awa 40 zai tsaya. Wato bai cika kwana biyu ba. Saboda haka in ka ga agogo a cikin akwatin gilashi, ƙura ta hau shi, yana ta tafiya abinsa, tambayi mai tebur wa yake ciyar da shi. Kai nemi wanda ya tsaya. Riƙe shi a tafin hannu, ka kaɗa shi hagu da dama a hankali. In na gaske ne zai farka a gabanka. Nan gani ya kori ji.

Sauran abu ɗaya, a ga ciki. Wasu bayansu gilashi ne, kana ganin rabin faifan yana lilo, da wata ƴar ƙafa tana kai da komowa ba hutawa. In bayan ƙarfe ne, ku je wurin mai gyaran agogo, kai da mai kaya, a buɗe a gabanku. In ka ga ɗan farin abu kamar maɓallin riga a kwance cikin roba, batir ke nan. Akwai kuma masu cin hasken rana, da waɗanda motsin hannu ke yi musu caji. Ba jabu ba ne, amma su ma akwai ɗan batir mai caji a cikinsu, wata rana zai gaji. A faɗa maka tun farko. Tsohon agogo na gaske da wani ya ɗaura ya fi sabon jabu sau goma, sai dai shi ma a buɗe, don akwai tsofaffin da ake sake wa fenti a Indiya a cusa musu kayan ciki na tsince-tsince.

Sai maganar "ba ya mutuwa". Ita ma ƙarya ce, ko da agogon na gaske ne. Inji ne, akwai mai a cikinsa, man yana bushewa. Bayan ƴan shekaru sai an kai shi an wanke an sa sabon mai, kamar yadda kake yi wa injin ban-ruwa. Ba ya son duka: in za ka yi faskare ko sassabe da gatari, cire shi ka sa a aljihu. Ba ya son maganaɗisu, kada ya kwana a kan lasifikar rediyo. In an rubuta WATER RESISTANT kawai, ko da lamba 30 a gefe, fantsamar ruwan alwala yake iya ɗauka, ba nutso a Komadugu ba. Kuma kada ka gyara kwanan wata da tsakar dare, daga ƙarfe 9 na dare zuwa asuba, lokacin haƙoran ciki suna kan juya shi da kansu, sai ka karya su. Ɗan tagar da ke nuna rana kuwa, wani da Larabci yake, wani da Faransanci. In ka ga VEN, Juma'a ce. In ka ga DIM, Lahadi ce.

Ku kuma masu tebur, ban ce ku bar sana'a ba. Ku kira kowane agogo da sunansa, ku sa masa kuɗinsa. Mai batir a ce mai batir ne. In ka ce otomatik ne, ka yarda a kaɗa, ka yarda a buɗe, ka yarda mai saye ya tafi da shi bisa sharaɗi a gaban shaidu biyu: ya ɗaura shi yini guda, ya ajiye shi kwana uku. In ya tsaya, aka kaɗa ya tashi, ciniki ya faɗa. In kwana uku suka cika yana nan yana tsalle ɗaya ɗaya, ranar kasuwa mai zuwa ka mai da wa mutum kuɗinsa cif, har da na motar da ya biya daga Gagamari.