Tawadar Allah: wadda za a ƙyale da wadda za a nuna wa likita

A shekarar 2021 aka fara gashin ciwon daji da na'ura a Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji da ke Yamai. Kafin nan sai an fita ƙasar waje. Ci gaba ne babba. Amma akwai ciwon daji na fata da ake kira melanoma, wanda babban maganinsa ba na'ura ba ce: a gan shi da wuri ne, likita ya yanke shi. Mutumin Matankari ko na Kore Mairuwa shi ne zai fara ganinsa, a jikinsa.

Kusan kowa yana da tawadar Allah. Ƙwayoyin da ke ba fata launi ne suke taruwa wuri ɗaya. Tana fitowa tun ƙuruciya, tana girma sannu a hankali tare da jiki, wani lokaci takan ƙara duhu in mace tana da ciki. Mafi yawansu ba su da wata illa har tsufa.

Likitan fata ba ya yanke kowace tawada. Yana duba ta da ƙaramin madubi mai fitila da ke ƙara girmanta sau 10. Yakan auna ta, ya ɗauki hotonta, ya ce a dawo bayan wata uku a gwada. Abin da yake nema shi ne: ko rabinta bai yi daidai da ɗaya rabin ba, ko bakinta ba sumul ba ne, ko launinta ya gauraya, ko faɗinta ya wuce milimita 6. Mafi muhimmanci duka, ko tana canjawa. In ya yi shakka, sai ya cire ta a bincika.

Ga inda matsalarmu take. A baƙar fata wannan ciwo bai yawaita ba, amma in ya zo ya fi fitowa a tafin ƙafa, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce. Mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a ƙarƙashin farcen ƙafa nasa ya fara, ya rasu a 1981 yana da shekara 36. To, manomi a Arewa in ya ga baƙin tabo a ƙafa, ƙaya zai zarga. Ya shafa magani, ko ya je wajen wanzami a tsaga. Ni dai a ganina wannan tsagar ita ce babbar asara: ba ta cire saiwar ciwon, kuma ba a san abin da aka yanke ba.

Ƙaya tana warkewa. Tabon da ke faɗaɗa, ko yake zubar da jini, ko ya zama gyambon da ya ƙi warkewa bayan wata guda, ba na gida ba ne. Haka nan sabuwar tawada ga wanda ya wuce shekara 40.

Mu ma muna iya yin rabin aikin likita. In an wanke ƙafa, a duba tafinta da tsakanin yatsu. Tsofaffi, ƴaƴa su duba musu. A ɗora ma'aunin ɗan makaranta kusa da tabon, a ɗauki hoto da salula, a rubuta ranar a littafin karatu. In an ga canji, a tafi asibiti mafi kusa da hoton a hannu, a nemi takardar turawa zuwa asibitin gunduma, ko Doso, ko Yamai.