Allon Kwamfuta Mai Tsada: A Duba Aiki Kafin A Biya Kuɗi

Duk wanda ya shiga ofisoshin Gwamnati a 'yan shekarun nan zai ga kwamfuta ta maye gurbin tafireta a teburin akawu, manyan ma'aikata kuma da yawa sun koma aiki da ƙaramar kwamfuta ta tafi-da-gidanka. Da yake fuskar wannan ƙarama ce, tana gajiyar da ido, sai ya zama al'ada a sayi wani babban allo dabam, wanda 'yan kasuwa ke kira monita, a haɗa su da waya. To, a nan maganar kuɗi ta taso, domin a cikin allunan nan akwai na dubban nairori, akwai na miliyoyi, masu saye da yawa kuwa ba su san abin da ya raba su ba.

Hoton da ake gani a allo an haɗa shi ne da ƙananan ɗigogin haske, jere-jere kamar saƙar tabarma. Allon da aka fi sani a ofisoshi yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato ɗigo miliyan biyu da 'yan kai. Na gaba da shi yana da 2,560 da 1,440. Wanda ake kira 4K yana da 3,840 da 2,160, ya ninka na farko sau huɗu ke nan. Sai 5K, mai 5,120 da 2,880, wanda ɗigoginsa suka haura miliyan goma sha huɗu. Yawan ɗigo shi ke sa rubutu ya fito sumul, amma sai an haɗa shi da girman allon kafin a san amfaninsa. A allo mai faɗin inci 27, na farkon yana ba da ɗigo kamar 82 a kowane inci, 4K yana ba da 163, 5K kuma 218.

Tarihin farashin allunan nan ya isa ya zama gargaɗi ga mai gaggawar saye. A shekarar 2001 kamfanin IBM ya fito da wani allo mai suna T220, mai ɗigo 3,840 da 2,400, aka sa masa kuɗi wajen dala 22,000. A 2024 kuwa, a kasuwannin Amurka ana samun allon 4K mai inci 27 a ƙasa da dala 300. Dalili shi ne, masana'antun Koriya ta Kudu da Sin da Taiwan sun riƙa ƙera irin wannan gilashi da yawan gaske, abin da aka ƙera da yawa kuwa dole ya yi sauƙi. Allon 5K bai samu wannan gata ba, domin kamfanoni ƙalilan ne suka ƙera shi, masu sayensa ma ba su da yawa.

Kamfanin Apple ne ya fi jawo surutu a wannan fanni. A 2019 ya fito da Pro Display XDR mai inci 32 a kan dala 4,999, sa'an nan ya ce ƙafar da za a ɗora allon a kai sai an biya dala 999 dabam. A 2022 ya fito da Studio Display, mai inci 27 da ɗigogin 5K, a kan dala 1,599. Ba a musun kyan waɗannan alluna, kuma masu haɗa fina-finai da masu aikin hotuna, waɗanda dominsu aka yi su, suna mayar da kuɗinsu daga aikin. Abin tambaya shi ne, me ofishin da aikinsa bai wuce buga wasiƙa da lissafin albashi ba zai yi da su?

Lissafin ya fi fitowa fili idan aka juya shi zuwa naira. Kafin watan Yuni na 2023 ana canjin dala ɗaya a kan naira 460 da 'yan kai a farashin Gwamnati. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa ragamar canji, dala ta haura naira 1,500 a 2024. A wannan farashi, allon dala 1,599 ya kama kusan naira miliyan biyu da dubu ɗari huɗu, tun ba a sa kuɗin dako da na kwastan da ribar ɗan kwangila ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne a wata. Ke nan allo guda ya lashe albashin ƙaramin ma'aikaci na wata 34. Da kuɗin nan za a iya sayen alluna masu kyau da za su wadaci sashe guda na ma'aikata.

Akwai waɗanda aikinsu ke bukatar allo mai yawan ɗigo, kuma bai kamata a yi musu rowa ba. Mai zanen gine-gine da safiyo da ke duba taswira, da ma'aikacin ɗab'i da ke daidaita launi, duk suna cin moriyarsa kullum. Likitan da ke karanta hoton ƙirji ko na ƙashi shi ma yana bukatar allo na musamman da aka ƙera domin asibiti, don kuskuren gani a nan yana iya jawo asarar rai. Idan za a kashe kuɗi mai yawa, waɗannan wurare ne suka cancanta. Abin takaici shi ne a tarar da allo mafi tsada a teburin mai babban muƙami, alhali mai zanen da ke ƙasa da shi yana fama da tsohon allo mai dishi-dishi.

Haka kuma akwai abin da mai sayarwa ba ya cika faɗa. Tsohuwar kwamfuta ba lalle ta iya ciyar da allon 4K ba. Mahaɗar HDMI ta tsohon ƙira, wato 1.4, tana sabunta hoton 4K sau 30 ne kawai a daƙiƙa, maimakon 60 da aka saba, sai a ga motsi yana sarƙewa. Ga kuma matsalar wutar lantarki mai hawa da sauka, wadda ba ta bambanta allo mai tsada da mai araha, gyaran mai tsadar kuwa sai an nemo kayansa daga waje.

Wannan ba kira ba ne a koma ga mafi araha ido rufe, domin Hausawa sun ce araha ba ta ado. Akawun da ke wuni yana duban ƙananan lambobi a allo maras kyau zai tashi da ciwon kai da gajiyar ido, aikinsa kuma ya cika da kurakurai. Ga yawancin aikin ofis, allo mai inci 24 da ɗigo 1,920 da 1,080 ya wadatar, mai inci 27 da 2,560 da 1,440 kuwa ya fi ƙarfin bukata. Ɗalibin jami'a ma gara ya fara ƙara wa kwamfutarsa ƙarfi ko ya sabunta batirinta, in ya so sauran kuɗin ya nemi matsakaicin allo, ko da na hannu ne, muddin ya kunna shi a gaban mai kanti ya duba babu ɗigon da ya mutu.

Dokar sayen kayan Gwamnatin Tarayya ta 2007 ta shimfiɗa cewa a nemi abin da ya dace da kuɗin da aka biya, jihohi da dama kuma sun yi irin tata. Saboda haka ya kamata Manyan Sakatarori da jami'an sito su dage, duk takardar neman sayen allo ta bayyana aikin da za a yi da shi da kwamfutar da za a haɗa shi da ita. Wanda ya kasa rubuta wannan a layi biyu, to, bukatarsa ta ado ce, ado kuwa sai mutum ya yi shi da kuɗin aljihunsa, ba da na Baitulmali ba.