Wanda Ya Rasa Gida Kada Ya Rasa Barci



Duk sa'ad da masifa ta auka wa wani gari, abin da ke fara zuwa zuciyar ekklesiya shi ne buhun masara, shinkafa, man ja da tufafi. Wannan daidai ne, gama ciki ba ya jiran gobe. Amma akwai bukata guda da ba a cika sa ta cikin lissafi ba, wato abin da mutum zai kwanta a kai. Ra'ayinmu shi ne katifa ta shiga kasafin kwamitin taimako na kowace ekklesiya, ta kuma zama mai ƙwari, ba ta jeka-na-yi-ka ba.

Mun san tarihin. A 2014 Boko Haram ta kama Gwoza, sa'an nan Mubi da hedkwatar EYN a Kwarhi. Jama'a suka watse zuwa Yola, Jos, Abuja da sansanin Minawao a Kamaru. Majami'ar St. Theresa ta Katolika a Yola ta karɓi dubbai, harabar CAN a Maiduguri ita ma ta cika. Wanda ya bi daji da ƙafa da goyo a baya, ina zai ɗauki katifa? A Satumba 2024 dam ɗin Alau ya ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri. A Mayu 2025 ambaliya ta share wani sashe na Mokwa. Tukunya da kujera ana wanke su a ci gaba da amfani da su, amma soson da ya sha ruwan kwata sai dai a yar. Ban da sansani, akwai gidan marayu, da gwauruwa mai ɗaki ɗaya da 'ya'ya, da mai bishara a ƙauye, da masu jinya da ke kwana a barandar asibiti.

Wani zai ce kakanninmu a tabarma suka kwana, ba su mutu ba. Gaskiya ne, amma sun kwana a kan gadon kara ko gadon ƙasa, cikin ɗakin da aka hura wuta. Ɗan gudun hijira kuwa a kan simintin ajin makaranta yake kwana, ko a ƙasan tanti. Da hunturu siminti yana zuƙe ɗumin jiki, wanda ya kwana a Jos cikin Disamba ya san wannan. Da damina ƙasa tana tsattsafo da danshi. Tsoho mai ciwon baya, da mace mai ciki, da mai shanyewar jiki wanda kwanciya a wuri mai tauri ke haƙa masa gyambo, su ne suka fi shan wahala. Yaron da bai yi barci ba gyangyaɗi zai yi a aji. Ku tuna da dokar da ke cikin Fitowa sura 22, inda aka umarci wanda ya karɓi mayafin maƙwabcinsa jingina ya mayar masa kafin faɗuwar rana, domin da shi yake kwana. Tun a can barcin matalauci ba ƙaramin abu ba ne.

Me ya sa katifa ta gagari talaka? Sinadaran da ake haɗa soso da su daga ƙasashen waje ake sayo yawancinsu, da dala. Da gwamnati ta saki naira a Yuni 2023, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haye 1,500 a 2024, kuɗin soso kuwa ya bi ta. A Yuli 2024 aka sa mafi ƙarancin albashi a naira 70,000, amma manomi da mai sayar da ƙosai ba su cikin wannan lissafi. Iyali da ke neman abincin dare ba za su sa katifa a gaba ba.

A nan ne jarabar take. Idan kuɗin baiko bai da yawa, kwamiti yakan so ya sayi mafi araha domin tulin ya yi tsawo ranar rabo. Hujjarsu ita ce gara mutum ɗari su samu maimakon hamsin. Muna ganin nauyin wannan hujja, amma ba mu yarda da ita ba. Araha ba ta ado. Soso mara ƙwari yana lotsewa a tsakiya cikin ɗan lokaci, har ƙugun mutum ya taɓa ƙasa. Daga nan mutum ɗarin sun koma siminti, kuɗi ya tafi, kuma ba mai sake tunawa da su, domin a littafin magatakarda an rubuta cewa an ba su.

Ya kamata masu sayayya su san cewa kauri ba shi ne ƙwari ba. Abin dubawa shi ne abin da 'yan kasuwa ke kira densiti, wato kilo nawa soson yake yi a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi. Katifa mai inci 4 da soso mai cika ta fi mai inci 8 da rabinta iska ce. Nauyi kaɗai ma bai isa shaida ba, gama wasu masu haɗawa a bayan fage suna zuba garin farin dutse don ta yi nauyi a hannu, daga baya ta riƙa marmashewa. A danna da gwiwa a ga ko za ta taso nan da nan. A nemi tambarin hukumar SON, da rasit, da takardar garanti.

To, ina mafita? Ga shawarwarinmu.

Na farko, a haɗa hannu. Ƙaramar ekklesiya ba za ta iya ciniki da kamfani ba, amma gunduma guda za ta iya. Vitafoam tana da masana'anta a Kano da Jos, Mouka kuma a Kano tarihinta ya fara a 1959, kuma manyan dilolinsu suna biranen arewa. Idan ekklesiyoyi goma suka tara kuɗi suka yi sari sau ɗaya, za a sami ragi, mota ɗaya kuma ta kwaso.

Na biyu, a raba hanya biyu. Sansani, gidan marayu da tsofaffi marasa mai taimako a ba su kyauta. Ɗan'uwa mai ƙaramin ƙarfi kuwa a sayar masa a kan kuɗin sari, ya riƙa biya kaɗan kaɗan kamar adashe. Kuɗin da ya dawo shi zai sayo na gaba, mai karɓa kuma bai zubar da mutuncinsa ba.

Na uku, kada katifa ta fita tsirara. Ta yara da ta marasa lafiya a sa mata rigar leda mai kauri irin ta asibiti, sa'an nan rigar yadi da za a cire a wanke. Zumuntar Mata tana da teloli, a ba su aikin a biya su. Ga sansani, girman ƙafa 6 da 2 da rabi, irin ta 'yan makarantar kwana, ya fi dacewa: ana jingine ta da rana, ana ɗaukarta a ka ranar komawa gida. A haɗa da tabarma a ƙasa da gidan sauro a sama. Inda akwai masu ɗinka katifar rimi ko ta auduga, a gwada su, muddin wurin ba shi da danshi.

Na huɗu, a yi hattara da tsohuwar katifa. Kuɗin cizo yana ɓuya cikin ɗinki, kuma a ɗakin da mutane suka cunkushe katifa ɗaya ta isa ta raba wa kowa. Abin da ba za ka shimfiɗa wa ɗanka ba, kada ka kawo shi gaban bagade da sunan kyauta. A kuma gargaɗi masu karɓa cewa soso abokin wuta ne: kyandir, aci-bal-bal da maganin sauro na hayaƙi su yi nisa da shi.

Na biyar, rabo ya bi bukata. A fara da marasa lafiya, tsofaffi da masu jego, kada a fara da dangin 'yan kwamiti. Kada a tambayi katin baftisma. A Gurku ta jihar Nasarawa an zaunar da Kirista da Musulmi 'yan gudun hijira wuri ɗaya, domin masifa ba ta tambayi addinin kowa ba. Mu da muke 'yan kaɗan a garuruwanmu mun san zafin a tsallake mutum ranar rabo, kada mu yi wa wani haka. Idan ana tsoron wasu za su sayar da tasu, a sani yawanci yunwa ce ke sa haka, saboda haka a kai katifa tare da hatsi. Bayan rabo ma'aji ya karanta lissafi a gaban jama'a, da rasit a hannu.

Dattawa, taron majalisa na gaba a sa wannan magana cikin ajanda, a ware baiko guda domin ta kafin hunturu ya shigo. A aiki mutum biyu su zaga gidaje da sansanin da ke kusa, su ƙirga masu kwana a ƙasa, su kawo sunaye. Da wannan takarda za a fara.

Ubangiji ya ba mu zuciyar yi. Amin.