Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski

Babu ranar da ma'aikacin magajin gari ke makara wajen yanka tikiti. Tun da sassafe yana bakin tasha, yana bakin kasuwa, yana wurin da ƴan kabu-kabu ke jiran fasinja. Mai mota ya tsaya ya biya, mai kamyo ya sauke kaya ya biya, wanda aka kai babur ɗinsa furiyar sai ya fanso shi. Ban ƙi a karɓi kuɗin ba, gari ba ya tafiya sai da haraji. Tambayata ɗaya ce: a cikin wannan kuɗi da hanya ke kawowa, nawa ne ke komawa kan hanyar da ƴaƴanmu ke tsallakawa sau biyu ko sau huɗu a yini?

Ku dubi babbar hanya mai lamba ɗaya. Daga Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni, Galmi, Gidan Rumji, Cadawa, Agye, Gazawa, Tasawa har Takeita, gudaron ratsa tsakiyar gari yake yi. Makaranta na wannan gefe, gidajen yara na wancan. Da an tashi da tsakar rana, ɗan aji ɗaya mai shekara bakwai shi ne zai auna da idonsa ko motar fasinja da ta taso daga Yamai za ta ba shi hanya. Babba ma yakan kuskure wannan awo.

Malamai sun san lissafin da zan kawo. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin ƙafar direba ta kai ga birki ta riga ta shafe wannan nisa. Kafin ta tsaya cak sai ta kusa mita 28. Mai gudun kilomita 30 kuwa yakan tsaya a wajen mita 13. Ke nan a daidai inda mai 30 ya gama tsayawa, mai 50 bai ko fara rage gudu ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira da a tsaida gudu a kilomita 30 duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Rahotonta na 2023 ya nuna hatsarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Na san amsoshin da ake bayarwa. Ta farko, wai babbar hanya ta gwamnatin ƙasa ce. Gyaran gudaro na gwamnati ne, gaskiya, amma tsara zirga-zirga da wuraren tsayuwa a cikin gari aikin magajin gari ne, dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ɗora masa shi. Wanda ya iya hana mota tsayawa inda bai so, don ya karɓi tara, ya iya hana ta tsayawa a ƙofar makaranta inda take tare wa yaro gani.

Ta biyu, wai babu kuɗi. Mu ƙaddara gari na da ƴan kabu-kabu 500, kowa na biyan dala ashirin a yini. Jika 50 ke nan kullum, miliyan ɗaya da rabi a wata, ba a ma taɓa kuɗin tasha da na kasuwa ba. Nawa ne galan na fenti? Nawa ne allon ƙarfe biyu da tudun rage gudu guda? Idan da gaske asusun ya bushe, a liƙa lissafin a bango mu karanta.

Ta uku ita ta fi ɓata min rai: ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma ba mu taɓa barin rijiya a buɗe a tsakar gida muka ce in yaro ya faɗa ƙaddara ce ba. Muna rufe ta. Ƙofar makarantar da ba allo, ba fenti, ba mai tsaro, rijiya ce a buɗe.

Idan hukuma ta yi shiru, mutanen unguwa kan tashi bayan an yi rashi su jibge ƙasa ko kututture a kan hanya. Ban ga laifin zuciyarsu ba, sai dai tudun da ba a auna ba, ba a yi masa alama ba, shi ke kada mai babur cikin dare. An kauce wa wani makoki an jawo wani.

Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙon garuruwa, babu zaɓaɓɓen wakilin unguwa da zai miƙe a zaman kasafin kuɗi ya yi tambaya. Tikiti kuwa bai daina fita ba. Saboda haka tambayar ta dawo hannunmu, iyaye da malamai, kuma muna da inda za mu tsaya: kwamitin kula da makaranta, ƙungiyar iyayen yara da ta iyaye mata.

Kowane kwamiti ya rubuta wa mai riƙon garinsa takarda da sa hannun darakta da mai unguwa, ya aika kwafi ga hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurran hanya. A nemi a riƙa bayyana abin da tasha da wuraren tsayuwa suka tara kowane wata, a ware kaso sananne don hanyoyin makarantu, a kafa allon kilomita 30 da tudu mai fenti, a ajiye ma'aikaci ɗaya lokacin shiga da tashi. Ma'aikacin nan akwai shi, yana can bakin kasuwa da littafin tikiti. Rabin awa da safe da rabin awa da rana kawai muke roƙo a ba ƴaƴanmu daga lokacinsa.