A Bari Aiki Ya Nemi Sabuwar Manhaja, Ba Gori Ba

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani abu da ke damun mu masu ƙananan shagunan ɗaukar bidiyon biki da suna da saukar karatu.

Yanzu duk inda muka haɗu maganar ɗaya ce: wai wane har yau da tsohuwar manhaja yake tace aiki, an bar shi a tasha. Ga wanda bai sani ba, manhaja ita ce abin da ake sa wa kwamfuta, da ita muke yanka hoto, mu haɗa shi da sauti, mu rubuta sunan ango da amarya. Wannan gori ya sa yara da yawa cin bashi. Ni a ganina aiki ne ya kamata ya ce a sabunta, ba bakin mutane ba.

Na farko, a duba kuɗi. Manhajar da yawancinmu muka koyi aiki da ita ita ce Premiere ta kamfanin Adobe. Samfurin CS6 na 2012 shi ne na ƙarshe da ake saya sau ɗaya ya zama naka. Daga 2013 sababbin samfura sai da haya, ko dai duk wata ko duk shekara, in ka daina biya ta daina yi maka aiki. Ɗan kasuwa ya san bambancin rumfar da ya mallaka da ta haya. Kuma kuɗin nan dala yake bi. Kafin Yunin 2023 dala ba ta kai N500 ba a farashin gwamnati, amma a 2024 ta haura N1,500. Shi kuwa uban amarya da naira zai biya ka, kuma sai ya ce a yi masa ragi.

Na biyu, sabuwar manhaja ba ta zuwa ita kaɗai. Tana son kwamfuta mai ƙarfi, kwamfuta mai ƙarfi tana son wuta, wuta kuma a wurinmu janareta ce da fetur, wanda kowa ya san yadda ya koma tun da aka janye tallafi a Mayun 2023.

Ni kaina na taɓa gani a ƙwaryar cin tuwona. Ina tsakiyar aikin wani biki na mutanen ƙauye, wani yaro ya zuga ni, ya sa mini sabon samfuri irin na bayan fage. Kwamfutata ta koma tafiyar hawainiya. Da na ce bari in koma tsohuwar, sai ta ƙi buɗe aikin, domin abin da aka adana da sabuwa, tsohuwa ba ta karanta shi. Kwana uku na yi ina sakewa daga farko. Sau biyu yayan ango yana biyan kuɗin mota ya zo ya koma hannu rabbana. Bai zage ni ba, amma da aka tashi bikin ƙanwarsu wani suka kira. Laifina ne, tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Ba ina cewa a zauna a jiya ba ne. Akwai lokacin da sabuntawa take zama dole. Wayoyin zamani da yawa suna ɗaukar hoto da wani tsari da ake kira H.265, wanda CS6 ba ta buɗe shi kai tsaye. In ƙawayen amarya sun kawo irin wannan hoto jefi-jefi ne, akwai HandBrake, kyauta ce, tana juya shi ya buɗu. Amma in kullum irinsa ake kawo maka, ko ka samu masu ba ka aikin talla da suke neman hoton 4K, to ka sabunta, domin aikin zai biya kuɗin. Akwai kuma DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design mai samfurin kyauta na halal, sai dai ita ma ba ta son raunanniyar kwamfuta. Wanda kuma ya zauna a kan Windows 10 ya sani cewa Microsoft ta daina ba ta kariyar da ta saba a Oktoban 2025, saboda haka ya rage sa kwamfutar aikinsa a intanet.

Shawarata ga 'yan'uwana, kafin ka taɓa komai ka tambayi kanka: wane aiki na mayar don manhajata ta kasa? Biki nawa zan ɗauka kafin in fitar da kuɗin? Kwamfutata za ta iya ɗauka? In ka yanke shawara, ka bari sai ka sallami aikin da ke hannunka, ka kwafe hotunan mutane a wuri na biyu, kuma kada ka goge tsohuwar sai ka gwada sabuwar.

Ku kuma iyayenmu masu kawo aiki, kada a ruɗe ku da sunayen Turanci. Ku ce a nuna muku aikin da aka yi wa wani, ku duba fuska ta fita, ku ji murya ta fita, ku tambayi ranar karɓa. Fim ɗin Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990 da kaset aka yi shi, kuma daga nan sana'ar ta kafu. Da tsohuwar zuma ake magani.



Daga mai shagon tace bidiyo,
Fagge, Kano.