Haƙƙin Baƙo a Kan Dutsen Dala

Daga cikin abubuwan da zuciyar ɗan Adam take riƙewa ba ta saki, ko da tsufa ya raunana jiki, hadda ta yi ƙasa har mutum ya kan mance sunan maƙwabcinsa, akwai ranar da ya fara sa ƙafa a babban birni. Duk wanda ka zauna da shi cikin dattawan da suka taso a karkara, suka zo Kano don neman ilmi ko fatauci ko cin rani, in ka taɓo masa zancen wannan rana, sai ka ga ya gyara zama, ya faɗa maka ƙofar da ya shigo ta cikinta, da wanda ya tarye shi, da masaukin da ya kwana, ba tare da ya yi tuntuɓen harshe ba. Abin da na lura da shi kuwa, wanda shi ne sababin wannan rubutu, shi ne labarin dattawan nan galibi a kan Dutsen Dala yake ƙarewa, alhali kuwa matasan da suke shigowa birnin a wannan zamani, in ka tambaye su abin da aka fara nuna musu, sai su ambaci gadar sama ko wani katafaren kanti inda suka tsaya aka ɗauke su hoto. Ina ganin wannan hasara ce, kuma alhakinta yana wuyan masu masauki, domin baƙo ba ya zuwa inda ba a kai shi ba.

Ni kaina a jirgin ƙasan da yake tasowa daga Nguru na fara zuwa Kano, ina yaro, aka danƙa ni ga baffana wanda yake sayar da ƙiraga a kusa da Kasuwar Kurmi. Hayaniyar tasha, da 'yan dako masu kiran a ba su hanya, da lungunan cikin gari waɗanda kowannensu yake kama da ɗan'uwansa, duk suka taru suka rikita ni, har na ɗauka wannan wuri ba shi da farko balle ƙarshe. Da gari ya waye, bayan an idar da sallar asuba, baffa ya ce, "Taso, ɗana, kafin ka san kasuwa sai ka san garin da kasuwar take ciki." Muka bi ta unguwanni har gindin dutsen, muka hau, ya tsayar da ni yana nuni da yatsa: ga Gwauron Dutse can yamma, ga hasumiyoyin Masallacin Juma'a da ke kusa da fada, ga Gidan Rumfa, ga rumfunan Kurmi, ga Fagge da Sabon Gari a bayan badala, ga kuma ganuwa ta zagaye cikin gari tana ja tamkar ƙasar da aka gina ta da ita. Na sauko ina sane da gabas da yamma, kuma tun daga ranar na daina tsoron garin.

Wannan ita ce fa'ida ta farko, kuma mafi sauƙin fahimta, watau mutum ya ga birni gaba ɗaya kafin birnin ya haɗiye shi. Ba 'yan ƙauye kaɗai suka san haka ba. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, da ya iso Kano a 1851, sai da ya hau Dala ya zana surar garin daga can, sa'an nan ya ƙiyasta mazaunansa da kimanin 30,000, ya ce adadin yakan ninka a lokacin rani sa'ad da ayari suke sauka. Kafinsa, a 1824, Clapperton Baturen Birtaniya ya shigo sanye da kayan sarkinsa na sojan ruwa, yana tsammanin jama'a za su yi cincirindo a kansa, sai ya tarar kowa yana harkar gabansa, babu wanda ya ko waiwaye shi. Ashe kirarin nan da ake yi wa ta Dabo, cewa ko da me ka zo an fi ka, ya riga ya tabbata a kan baƙi tun ba yau ba, kuma babu inda mutum yake koyon wannan tawali'u cikin sauƙi kamar bisa dutsen da yake nuna masa ƙanƙantarsa a cikin wannan taro.

Fa'ida ta biyu ta fi ta farko zurfi, domin wanda ya tsaya a kan Dala tare da mai ilmin da zai yi masa sharhi, zai gane cewa birnin da yake jin kansa bare a cikinsa, baƙi ne suka gina shi tun asali. Masu binciken kufai sun sami alamun narkar da tama a gindin dutsen waɗanda suke komawa wajen ƙarni na bakwai na Miladiyya, watau neman ƙarfe ne ya fara tara mutane a wurin. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya ambaci Barbushe wanda yake zaune a bisa dutsen yana shugabantar bautar Tsumburbura, sa'an nan ya kawo zuwan Bagauda, wanda ya lissafa sarautarsa daga 999, shi ma daga wani wuri ya zo. A zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385, Wangarawa suka iso daga ƙasar Mali da addinin Musulunci da littattafansu. A zamanin Muhammadu Rumfa kuwa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya gina fadar da ake zaune cikinta har yau, ya kafa Kasuwar Kurmi, Shehu Muhammadu bn Abdulkarim al-Maghili ya sauka a birnin, ya rubuta wa sarkin risala a kan abin da ya wajaba ga masu mulki. In ka dubi unguwanni daga sama, Madabo ta malamai, da Sharifai, da Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Ayagi, da Agadasawa, da Dandalin Turawa inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna, za ka ga kowace ɗaya shaida ce ta wata al'umma da ta zo da jakarta a kafaɗa, aka ba ta wuri, ta zama 'yar gari. Yaron da ya ji wannan a ranarsa ta farko ba zai ɗauki kansa wulaƙantacce ba, ɗan garin da ya ji shi kuma zai yi jinkiri kafin ya kira wani baƙauye.

Fa'ida ta uku ita ce i'itibari, wanda malamanmu suke cewa shi ne ribar tafiya. Ganuwar da ake hangowa daga Dala, Sarki Gijimasu ne ya fara ta tsakanin 1095 da 1134, Rumfa ya faɗaɗa ta, Muhammadu Nazaki ya ƙara mata a farkon ƙarni na goma sha bakwai, har kewayenta ya haura mil goma, aka bar gonaki da fadamu a cikinta da gangan domin in maƙiya sun yi wa gari zobe, yunwa kada ta buɗe musu ƙofa. Da hannu aka gina ta, da ƙasar da aka haƙo, kowace unguwa da rabonta na gyara bayan damina. Lugard da kansa, bayan rundunar Ingila ta ci birnin a watan Fabrairu na 1903, ya rubuta cewa bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Duk da haka ba ta hana abin da Allah ya ƙaddara ba, domin igwa ta zo da hukuncin da kibiya ba ta san shi ba. Bayan haka jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka tara dalar gyaɗa a bakin tasha, ita ma ta yi zamaninta ta shuɗe. Wanda ya ga waɗannan duka a kallo guda, ya san cewa mulki da dukiya aro ne, ya sami wa'azin da ba kowane mumbari yake iya isar da shi ba.

To, mene ne halin waɗannan wurare a yau? Gidaje sun matso har sun hau ƙugun dutsen, zaizayar ruwa tana cin gefensa, shara tana taruwa a inda ya kamata a tarar da mai gadi da mai bayani. Ganuwa kuwa, a wurare da yawa ta koma tudun ƙasa wanda baƙo ba zai san mene ne shi ba sai an gaya masa, a wasu wuraren an ɗebe ƙasarta an yi gini, a wasu an yanka filaye an kafa shaguna a kan gurbinta, kududdufan da suke karɓar ruwan damina a gefenta an cike su, sa'an nan a zo ana mamakin ambaliya. Ƙofofin da suka saura, irin su Kofar Mata da Kofar Nasarawa da Kofar Na'isa da Kabuga, da yawansu an sake su da siminti domin motoci su wuce, suna tsaye babu bangon da suke buɗewa. Tun 2007 aka sa ganuwar Kano da wuraren da suke tare da ita cikin jerin share fage na hukumar UNESCO, amma shiga jerin bai tsayar da ko da shebur ɗaya ba, domin abin da mutanen gida ba su ɗauke shi amana ba, takardar waje ba za ta tsare shi ba.

Na san akwai masu hujja biyu a kan wannan magana, kuma ba daidai ba ne a wuce su da raini. Na farko suna cewa Dala matattarar bautar gumaka ce a jahiliyya, saboda haka girmama ta yana iya buɗe ƙofar shubuha. Jawabinsu shi ne akwai bambanci bayyananne tsakanin neman tabarruki da dutse, wanda babu mai hankalin da zai kira mutane zuwa gare shi, da duban kufan mutanen farko domin a wa'aztu, wanda Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar a kansa a wurare da dama. Malaman Madabo sun rayu ƙarnuka a kusa da dutsen suna karantar da fiƙihu da tauhidi, masu jihadi suka karɓi birnin a farkon ƙarni na goma sha tara, babu wanda ya ga wajabcin a baje shi. Haƙiƙa ma dutsen hujja ne a kan yadda tauhidi ya yi rinjaye, tun da daga inda Barbushe yake zaune, yau kiran salla kake ji ta kowace fuska.

Na biyu suna cewa birni mai miliyoyin mutane yana bukatar muhalli da hanyoyi da kasuwanni, kuma wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin talakan da ya rasa inda zai sa haƙarƙarinsa ba za ka yi masa huɗuba da tarihi ba. Amma a duba da adalci: filin da dutsen da ragowar ganuwa suka ci ɗan kaɗan ne in an gwada shi da faɗin da birnin ya yi ta kowace nahiya, kuma mafi yawan abin da aka gina a gurbin ganuwa shaguna ne na masu hali, ba ɗakunan marasa galihu ba. Ƙa'idar malaman usulu ce cewa maslahar jama'a tana gaba da maslahar mutum ɗaya, kuma abin da ba a iya mayar da shi in ya salwanta ya fi cancantar kiyayewa bisa abin da ake iya gina shi a ko'ina. Wanda ya rushe ganuwa don ya sami shago, ya yi daidai da mai sayar da ƙyauren gidansa don ya sayi kwaɗo.

Abin da nake kira gare shi ba ya bukatar dukiya mai yawa. Hukuma ta shata iyakar dutsen da ta ragowar ganuwa, ta ɗauke su a matsayin wakafi na al'umma wanda ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, ta kuma hukunta mai ƙetare iyaka ko wane ne shi. Masarauta, wadda dagatai da masu unguwanninta suka san kowane lungu, ta farfaɗo da al'adar aikin gayya, kowace unguwa ta riƙe ɓangaren da yake kusa da ita kamar yadda kakanni suka yi. A sa matasan unguwar Dala waɗanda suka karanta tarihi su zama masu yi wa baƙi jagora da lada sananne, a haɗa ziyarar da Gidan Makama da marinar Kofar Mata, domin wanda abincinsa ya rataya ga wuri shi ne mai tsaronsa na gaskiya. Makarantun boko da na Islamiyya su riƙa kai ɗalibai a cikin shekara, kada a bar hawan dutsen sai ranar bikin Takutaha kaɗai, lokacin da cunkoso ba ya barin kowa ya ji bayani.

Sauran aikin kuwa yana kan kowane magidanci da yake karɓar baƙo a wannan birni, ko ɗan'uwa ne da ya zo neman aiki, ko almajiri, ko ɗalibin jami'a. Shari'a ta ɗora wa mai masauki ciyarwa da shimfiɗa da sakin fuska, ni kuwa ina ƙara masa da safiya guda wadda zai ware ya kai baƙonsa bisa Dala, ya nuna masa garin, ya gaya masa waɗanda suka gina shi. In masu hawa suka yawaita, hukuma za ta ji kunyar barin wurin cikin shara, mai neman fili kuma zai tarar da idanu da yawa a kansa kafin ya kafa harsashi. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma Ya ba mu ikon tuna musu.