Jami'a Ko Kwaleji: Wa Zai Duba Rubutunka?

Da an fara cike JAMB, kowa BUK ko ABU yake hange. Ba laifi, akwai babban ɗakin karatu, kuma wajen neman aiki digiri ya fi NCE daraja. Mu masu difloma mun san zafin wannan.

Amma a ajin da ya cika maƙil har da 'yan tsaye, wane malami ne zai zauna ya bi labarinka da jan biro? Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa ƙaramar Kwalejin Katsina suka yi, kuma gasar 1933 ce ta fito da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar.

Ni dai, in rubutu ne burinka, fara da kwaleji. Da NCE ɗinka aji biyu za ka shiga a jami'a.